Ƙurar Hunturu Da Lafiyarmu: Me Ya Sa Har Yau Aka Kasa Ƙidaya Ɓarnarta?

Dukkan yabo ya tabbata ga Allah Mai jujjuya iskoki da lokuta yadda Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, duk wanda yake halartar sallar Asuba a ƙasar Hausa cikin watan Disamba ko Janairu ya san yadda sahu yake kasancewa: wannan yana tari, wancan yana kaki, wani kuma numfashinsa yana fita da ƙyar. A gida ma haka abin yake. Yara suna fama da mura da haɓo da ciwon ido, mai asma ba ya barcin kirki, tsofaffi kuwa sanyi da hazo sukan kwantar da su, wasu daga nan ba sa tashi. Mun saba da wannan har muna ɗaukarsa wani yanki na shekara, kamar yadda muka ɗauki zafin bazara da ruwan damina.

Amma da za a tambayi likita, ko jami'in gwamnati, ko malamin jami'a cewa mutum nawa ƙurar hunturu take kwantarwa kowace shekara a Kano ko Sakkwato ko Damagaram, kuma nawa take zama sanadin ajalinsu, babu wanda zai iya kawo adadin da zai rantse a kansa. Wannan giɓi yana da hatsari, domin abin da ba a ƙidaya ba, ba a ware masa kuɗi a kasafi, ba a tanadar masa magani, ba a kuma yi wa jama'a gargaɗi a kansa. Wasu daga cikin dalilan giɓin suna cikin ɗabi'ar ƙurar kanta. Wasu kuwa suna hannunmu, mu Musulmin da muke zaune a bakin hamada, kuma a kansu ne ya fi dacewa mu tsaya.

Daga ina ƙurar take tasowa?

Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta kiyasta cewa kimanin tan biliyan 2 na ƙura da rairayi ne suke tashi sama kowace shekara, kuma Sahara ce take ba da kaso mafi tsoka. A cikin Saharar ma akwai wani kwari a arewacin ƙasar Chadi mai suna Bodele, wanda masana suke ɗauka a matsayin wurin da ya fi ko'ina fitar da ƙura a bayan ƙasa. Shekaru dubbai da suka wuce wurin ƙasan wani makeken tafki ne, wanda Tafkin Chadi na yau ragowarsa ne. Da ruwan ya janye sai ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari. Iskar arewa maso gabas tana matsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta ƙara ƙarfi kamar ruwan da ya shiga ƙuntataccen kwata, ta kwashi garin nan ta yi sama da shi. Hakan yana faruwa kusan kwana 100 a shekara, galibi a lokacin sanyi. Cikin kwana ɗaya ko biyu sai a wayi gari hazo ya rufe Maiduguri da Kano. Wani ɓangare na ƙurar Sahara yana ƙetare Tekun Atlantika har ya sauka a dajin Amazon na Kudancin Amurka, inda yake zama taki ga itatuwa. Tsarki ya tabbata ga wanda Ya sanya abu guda ya zama cuta a nan, ya zama abinci a can.

Ban da hazon hunturu akwai holoƙo, wato guguwar ƙurar da take gabatar hadari a farkon damina, wadda takan mayar da rana dare cikin 'yan mintoci. Ita tana zuwa da ƙarfi ta wuce da sauri, shi kuwa hazo yana iya kwanaki a rataye. Kowannensu da irin tasirinsa ga jiki.

Abin da aka riga aka tabbatar

Ƙwayoyin ƙura ba girmansu ɗaya ba. Manya suna tsayawa a hanci da maƙogwaro, jiki ya fitar da su ta atishawa da majina. Ƙanana su ne abin tsoro. Waɗanda masana suke kira PM2.5 sun fi silin gashin kai siranta kusan sau 30, suna wucewa har can cikin huhu, mafi ƙanƙantarsu ma suna iya shiga jini. An tabbatar suna tayar da asma, suna tsananta ciwon huhu, suna kuma da hannu a ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, bai kamata matsakaicin waɗannan ƙwayoyi a yini guda ya wuce maikurogiram 15 a kowace mita ɗaya ta iska, tsawo da faɗi da zurfi ba. A ranakun da hazo ya yi kauri, abin da muke shaƙa yana ninka wannan sau da yawa.

Sai kuma sanƙarau. Tun 1963 wani likitan Faransa mai suna Lapeyssonnie ya bayyana wani zirin ƙasa da cutar ta fi yi wa dirar mikiya, wanda a yau ake lissafa ƙasashe 26 a cikinsa, daga Senegal zuwa Habasha. Arewacin Nijeriya da kudancin Nijar suna tsakiyarsa. Cutar tana tashi ne a lokacin rani da ƙura, ta kai ƙololuwa wajen Maris da Afrilu, da zarar ruwan sama ya sauka kuma sai ta lafa. A 1996 ta kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 11,000. A kakar 2016 zuwa 2017 wani nau'inta ya sake ɓarkewa, ya fi tsanani a Zamfara da Sakkwato da Katsina, aka rasa rayuka sama da 1,000. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne, busasshiyar iska da ƙura suna raunata fatar cikin hanci da maƙogwaro, sai ƙwayar cutar, wadda dama mutane da yawa suke ɗauke da ita ba tare da ta cutar da su ba, ta sami ƙofar shiga jini. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

A 2020 wasu masana ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Stanford ta Amurka sun haɗa bayanan haihuwa kusan miliyan ɗaya a ƙasashen Afirka kudu da Sahara da hotunan tauraron ɗan'adam na ƙurar Bodele. Sakamakonsu ya nuna cewa ƙarin maikurogiram 10 a matsakaicin ƙananan ƙwayoyin ƙura na shekara yana tafiya da ƙarin mutuwar jarirai da kimanin kashi 24 cikin 100. Wannan adadi ne mai tayar da hankali. Sai dai mai karatu ya lura da yadda aka same shi: daga sama aka hango ƙurar, daga tambayoyin da aka yi wa iyaye mata kuma aka tattara labarin jariran. An bi wannan doguwar hanya ne saboda gajeruwar a toshe take.

Matsala ta farko: iskar da ba a aunawa

Kafin a ce ƙura ta cutar da mutum, dole a san yawan wadda ya shaƙa. Wannan yana buƙatar na'urorin auna iska a ƙasa, daidai inda mutane suke numfashi, suna aiki dare da rana shekara da shekaru. Wani rahoton UNICEF na 2019 ya nuna cewa kashi 6 cikin 100 kacal na yaran Afirka ne suke zaune kusa da irin wannan na'ura, alhali a Turai da Amurka ta Arewa kashi 72 ne. Akwai 'yan tashoshin bincike da suka daɗe suna auna ƙura a yankinmu, kamar ta Banizumbu a kusa da Yamai, da ta Sinzana a Mali, da ta Mbur a Senegal, amma tashoshi ƙalilan ba za su wakilci yankin da miliyoyin mutane suke zaune ba.

Hukumar NiMet takan fitar da gargaɗin hazo, kuma yana da amfani. Sai dai ma'aunin da aka fi dogara da shi a filayen jiragen sama shi ne nisan da ido yake iya hangowa, wanda matuƙin jirgi yake buƙata. Likita kuwa yana son ya san girman ƙwayoyin da yawansu. Shi ma tauraron ɗan'adam yana da nasa rauni: yana ganin dukkan ƙurar da take tsakaninsa da ƙasa a dunƙule, ko da mafi yawanta tana can sama da kawunan mutane da nisan kilomitoci.

Wannan ne ya sa mafi yawan binciken da aka yi kan ƙurar Sahara da lafiya an yi shi ne a Sifaniya da Italiya da sauran ƙasashen kudancin Turai, inda ƙurar take isa bayan ta yi doguwar tafiya ta ragu. Su da suke samun ɓurɓushi sun auna nasu. Mu da muke bakin tukunya ba mu da ma'auni.

Matsala ta biyu: marasa lafiya da mamatan da ba a rubutawa

Ko da an auna iskar, sai an sami abin da za a gwama ta da shi, wato adadin waɗanda suka kwanta da waɗanda suka rasu a kowace rana, da abin da ya same su. A nan ne giɓinmu ya fi faɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a nahiyar Afirka kusan mutuwa ɗaya ce cikin goma ake yi wa rajista, alhali a Turai kusan duka ake rubutawa.

Mu duba yadda abin yake a unguwanninmu. Dattijo ya kamu da tari, aka sayo masa magani a kemis, aka haɗa da jiƙo. Bayan kwana huɗu ya cika da daddare. Da safe aka yi masa wanka, aka sallace shi, kafin Azahar an dawo daga maƙabarta. Gaggauta jana'iza sunna ce, kuma babu mai neman a taɓa ta. Amma a duk wannan hidima babu inda aka rubuta ranar, da shekarunsa, da abin da ya yi fama da shi. In an tambaya sai a ce gajeruwar rashin lafiya ce, ko a ce lokaci ne ya yi. Lalle lokaci ne ya yi, babu rai da zai wuce ajalinsa. Sai dai ajali yana zuwa ne ta hanyar sababi, kuma sanin sababin yana iya zama dalilin tsirar wanda nasa lokacin bai yi ba.

Mutanen Kano ba za su manta da watan Afrilun 2020 ba, lokacin da aka yi ta rasa dattawa a jere. Da aka so sanin ko mace-macen sun wuce yadda aka saba, babu kundin da za a buɗe. Sai aka koma ga masu haƙar kabari da tambayar iyalan mamata. Daga baya ministan lafiya na lokacin ya sanar da cewa an ƙirga mutum 979, kuma ana jin kashi 50 zuwa 60 cikin 100 suna da alaƙa da cutar korona. Idan annobar da duniya duka ta zuba wa ido ta zo mana da wannan wahalar ƙidaya, ina ga ƙurar da take ɗaukar mutane ɗaya bayan ɗaya ba tare da hayaniya ba?

Matsala ta uku: ƙura ba ta zuwa ita kaɗai

Lokacin da hazo yake sauka shi ne lokacin da sanyi yake tsananta. Ana rufe tagogi, a cunkushe a ɗaki guda, a shigo da kaskon wuta. Mata suna girki da itace ko gawayi, jariri yana goye a baya yana shaƙar hayaƙin. Almajirai suna kewaye da wutar kara da tsakar dare, wasunsu suna kwana a zaure ko a rumfar kasuwa. Lokacin ne kuma ake ƙona daji da shara da tayoyi, ga hayaƙin janareta da na ababen hawa. Idan yaro ya kamu da ciwon huhu a irin wannan hali, wanne za a ɗora wa laifin? Raba waɗannan sabubba aiki ne mai wuya, yana buƙatar a bi gidaje masu yawa na tsawon lokaci.

Ita kanta ƙurar ba iri ɗaya ba ce. Wadda ta taso daga tsohon tafki daban take da wadda ta ratso gonakin da aka yi wa feshi ko unguwar masana'antu. Takan ɗauko ƙwayoyin cuta a hanya. A jihohin Arizona da Kalifoniya na Amurka, alal misali, akwai wani zazzaɓi da ake kamuwa da shi ta shaƙar ƙurar da take ɗauke da wani nau'in funfuna da yake rayuwa a ƙasar can. Saboda haka ba za a ɗauko sakamakon wata ƙasa a shimfiɗa shi a kan Katsina ko Maraɗi yadda yake ba. Dole mu yi namu binciken.

Matsala ta huɗu: ma'aunin da yake motsi

Mutane da yawa suna ɗauka cewa sauyin yanayi yana nufin ƙura za ta yi ta ƙaruwa ko'ina. Lamarin ya fi haka sarƙaƙiya. A tsibirin Barbados, can ƙetaren Atlantika, ana auna ƙurar Afirka tun 1965. Wannan dogon kundi ya nuna ƙurar ta ƙaru sosai a shekarun farin da ya addabi yankin Sahel daga farkon shekarun 1970 zuwa tsakiyar shekarun 1980, shekarun da Tafkin Chadi ya ƙanƙance matuƙa, sannan ta ragu da damina ta ɗan farfaɗo. Game da gobe kuwa masana sun rabu. Wasu lissafe-lissafen kwamfuta suna nuna ɗumamar duniya za ta raunana iskar da take kwasar ƙurar Sahara, wasu kuma suna nuna bushewar ƙasa za ta ƙara ta. A wasu yankunan an riga an ga tsanantar abin: a Iraƙi, cikin 2022, guguwar ƙura ta yi ta aukuwa a jere, ta kai dubban mutane asibiti saboda sarƙewar numfashi.

Abin da babu saɓani a kansa shi ne zafi yana ƙaruwa, jama'a suna ƙaruwa, ana sare itatuwa, ana kuma nome ƙasar da ta gaji. Wani bincike da aka yi da bayanan asibiti na Yamai ya nuna cewa haɗuwar tsananin zafi da ƙura tana ƙara hatsarin sanƙarau. Ke nan ko da yawan ƙurar bai sauya ba, cutarwarta tana iya sauyawa. Mai binciken da yake son gano wannan yana buƙatar kundin shekaru 20 ko 30. Wanda bai fara rubutu yau ba, ba shi da abin da zai kwatanta a gobe.

Matsala ta biyar: amanar da ta yi rauni

Akwai dalilin da ya sa mutanenmu suke ɗari-ɗari da mai farar riga da takardar tambayoyi. A lokacin annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200. Yara 11 sun rasu, wasu suka nakasa. Iyaye sun ce ba a yi masu cikakken bayani ba, kamfanin ya musanta aikata laifi yana mai cewa cutar ce ta yi ɓarnar, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Wannan tabo yana daga cikin abubuwan da suka ƙarfafa ƙin rigakafin shan inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Saboda haka masu bincike suna da nasu nauyin. Su yi bayani da harshen da mutane suke ji, su nemi izini na gaskiya, su bi ta hannun masu unguwanni da malamai, su tsare sirrin iyali, su kuma dawo su faɗa wa jama'a abin da suka gano. Mu kuma kada tsoron tsumma ya hana mu ɗaukar igiyar da za mu ja ruwa da ita. Bincike ne ya samar da rigakafin MenAfriVac, wanda aka fara bayarwa a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ya kusan kawar da nau'in sanƙarau da ya yi ɓarnar 1996. A 2024 Nijeriya ce ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabon rigakafin da yake kare nau'i biyar a allura guda. Alhazanmu ma sun san ba a shiga Saudiyya aikin Hajji sai da shaidar rigakafin wannan cuta.

Darasi daga Shekarar Toka

Musulunci ya koya mana cewa iska baiwar Allah ce mai bin umarni, tana zuwa da rahama, tana zuwa da azaba. An hana mu zaginta, an umarce mu da roƙon alherinta da neman tsari daga sharrinta. Nana A'isha (RA) ta ba da labarin yadda damuwa take bayyana a fuskar Annabi (SAW) idan ya ga hadari ko iska, saboda tuna abin da ya sami Adawa. Wannan tsoron Allah shi ne matakin farko, kuma tuba da istigfari ba sa rabuwa da mumini a kowace musiba. Sai dai yanke hukunci cewa wata cuta azaba ce a kan wasu mutane saboda wani zunubi na musamman, kamar yadda aka yi ta muhawara a lokacin sanƙarau na 2017, magana ce da take buƙatar wahayi, wahayi kuwa ya yanke. Annobar Amwas ta ɗauki Abu Ubaida ɗan Jarrah da Mu'azu ɗan Jabal, alhali suna cikin zaɓaɓɓun wannan al'umma.

Mu dubi abin da Sayyidina Umar (RA) ya yi a shekara ta 18 bayan Hijira. Fari ya auka wa Hijaz, ƙasa ta bushe, iska tana ɗaga ƙura mai kama da toka, har aka sa wa shekarar suna Amur Ramada, wato Shekarar Toka. Mutanen ƙauye suka kwararo Madina. Halifa ya haramta wa kansa man shanu har sai talakawa sun samu, ya fita roƙon ruwa ya gabatar da Abbas baffan Annabi (SAW) ya yi addu'a, ya kuma rubuta wa gwamnoninsa na Sham su aiko da abinci. Bayan wannan duka sai ya yi wani abu da ba a cika ambato a wa'azi ba: ya sa a yi ƙidaya. Ibn Sa'ad ya ruwaito cewa an ƙirga waɗanda suke cin abincin dare a wurinsa aka sami 7,000. Sai ya ce a ƙirga iyalan da ba sa iya zuwa, da marasa lafiya da yara, aka sami 40,000. Bayan 'yan kwanaki ya sa aka sake ƙirgawa, aka ga adadin ya hau. Umar bai ga wani karo tsakanin kuka a gaban Allah da riƙe lissafi ba. Ya san wanda ba a ƙirga ba yana iya kwana da yunwa.

Ba shi ya fara ba. Buhari ya ruwaito daga Huzaifa (RA) cewa Annabi (SAW) ya taɓa umartar a rubuta masa adadin Musulmi. A ƙarnonin baya, masana tarihin Masar irin su Maƙrizi sun riƙa kawo adadin mamata a lokacin annoba daga ofishin kula da gado da kuma wuraren sallar jana'iza na birnin Alƙahira. Tun a ƙarni na huɗu na Hijira likitan nan Tamimi, mutumin Baitul Maƙdis, ya wallafa littafi sukutum kan gurɓatar iska da hanyoyin kariya daga annoba. Imam Gazali ya lissafa ilimin likitanci cikin farillan kifaya, waɗanda in kowa ya bar su al'umma duka ta yi laifi. A nan gida ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce kan magunguna. Auna iska da ƙirga marasa lafiya gadonmu ne da muka yi sakaci da shi.

Abin da yake kanmu

Na farko, masallaci. Kusan babu Musulmin da ake binnewa ba tare da liman ya sallace shi ba. Da kowane kwamitin masallaci da na maƙabarta zai ajiye littafi guda, a rubuta rana, da jinsi, da kimanin shekaru, da alamomin ciwon da iyali suka ambata, a riƙa miƙa adadin ga mai unguwa da hukumar lafiya ta ƙaramar hukuma, da cikin 'yan shekaru mun mallaki abin da masana suke nema ruwa a jallo. Wannan ba ya jinkirta jana'iza ko da minti ɗaya, ba ya kuma buƙatar tona asirin kowa. Iyalai kuma su riƙa yin rajistar haihuwa da mutuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, su faɗi gaskiya idan ma'aikatan lafiya sun zo tambaya.

Na biyu, ɗalibai da mawadata. Ɗalibin da yake neman abin da zai yi bincike a kai a fannin likitanci, ko lissafi, ko nazarin yanayi, ga fili nan a ƙofar gidansu, kuma da kyakkyawar niyya aikinsa ibada ne. A yau akwai ƙananan na'urorin auna iska masu sauƙin kuɗi da suke aiki da hasken rana. Attajirin da ya saya wa wata jami'a ko asibiti irinsu, ya ɗauki nauyin kula da su, ya yi sadaka mai gudana.

Na uku, gida. Rashin cikakken adadi ba hujjar zama ba ce, domin abin da aka riga aka sani ya isa a yi aiki da shi. Ranar da hazo ya yi kauri a rage fitar da jarirai da tsofaffi da masu asma ko ciwon zuciya. Mai fita ya rufe hanci da baki. Kakanninmu da suka yi amawali, da Buzaye da suke naɗe fuska, sun san abin da suke yi, ko da yake takunkumi mai tace iska ya fi ƙyalle tare ƙananan ƙwayoyi. A yayyafa ruwa kafin shara, a goge kaya da jiƙaƙƙen tsumma, kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki. Wanda zazzaɓi mai zafi ya kama tare da ciwon kai da sanƙarewar wuya, ko jaririn da maɗigarsa ta kumbura, a garzaya da shi asibiti a wannan sa'ar, domin sanƙarau yana iya kisa cikin yini guda. Malaman tsangaya da maƙwabtansu su ji tsoron Allah game da makwancin almajirai a wannan lokaci.

Shari'a ma ta yi sauƙi. Rufe baki a sallah makaruhi ne, amma karhancin yana faɗuwa idan akwai buƙata. Malamanmu na Malikiyya sun ambaci iska mai tsanani da daddare cikin uzurorin barin jam'i, sun kuma bayyana cewa ƙurar hanya da ta shiga maƙogwaron mai azumi ba da nufinsa ba, ba ta karya azumi. Wannan yana da muhimmanci yanzu, domin Ramadan yana matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, kuma azumin shekarun nan da masu zuwa yana faɗowa ne cikin Fabrairu da Janairu da Disamba, tsakiyar hunturu. Mai ciwon numfashi ya tuntuɓi likita da malami tun kafin watan ya kama.

Na huɗu, ƙasa. Ƙurar Bodele ta fi ƙarfinmu, amma wadda take tashi daga gonakinmu da titunanmu ba ta fi ba. Manoman Maraɗi da Damagaram sun nuna hanya: ta hanyar barin kututturan gawo da sauran itatuwa su sake tofo a cikin gonaki, an kiyasta sun farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. Annabi (SAW) ya kwaɗaitar da dasa itace, ya sanar da mu cewa duk abin da ya ci daga gare shi sadaka ce ga mai dashen.

Ga hukumomi kuwa, haƙƙin talakawa ne a kansu su kafa na'urorin auna iska a manyan birane, su inganta kundin asibitoci, su kuma riƙa sanar da zuwan hazo da Hausa a rediyo, tare da bayanin abin da uwa za ta yi wa ɗanta, kamar yadda ake sanar da matuƙan jirgi. Kowane shugaba abin tambaya ne a kan abin da aka ba shi kiwo, kuma makiyayin da bai san adadin garkensa ba, ba zai san ranar da kura ta ɗauki ɗaya ba.

Muna roƙon Allah Ya ba mu alherin wannan iska da alherin abin da take ɗauke da shi, Ya tsare mu daga sharrinta. Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan mamatanmu, Ya azurta mu da ilimi mai amfani da shugabanni masu tausayi. Allah ne Mafi sani.